Watsewar Ayarin Gwanja da Abin da Ya Bari a Ƙasar Illo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da bai sani ba ya san ba abin da ya fi bukata kamar labarin wanda ya biyo ta jiya. Shi ya sa Hausawa su ke cewa matambayi ba ya ɓata. Amma fa tambaya sai da wanda za a tambaya, da kuma wurin da za a same shi. Saboda haka ko'ina a duniya matafiya su kan kafa wa kansu wata irin jama'a, inda mai dawowa ke sanar da mai tafiya, kowa ya ƙara abin da ya gani, ya kuma gyara abin da ya sake. Nufin wannan takarda shi ne a duba abin da kan faru ran da irin wannan jama'a ta zo watsewa, watau me ke ɓacewa, me ke saura, wa kuma ke da alhakin adana shi.

Ko a ƙasashen Turawa, inda a ke buga littattafai musamman don jagorancin matafiya, littafin ba ya tsayuwa sai da jama'ar da ke bayansa. Kamfanin Lonely Planet, wanda Tony Wheeler da matarsa Maureen suka fara a ƙasar Ostareliya cikin 1973 da ɗan littafi guda, ya daɗe yana dogara da wasiƙun masu karatunsa. Wannan ya rubuto ya ce masauki kaza ya rufe, wancan ya ce kuɗin mota ya tashi, sai a gyara a bugu na gaba, a kuma jera sunayensu a ƙarshen littafin don godiya. Daga 2007 zuwa 2020 kamfanin ya yi ta sake hannu, kuma duk wanda ya saye shi ya gaji littattafan, amma ba lalle ne ya gaji zumuncin ba. To, mu ma muna da irin wannan labari, wanda ya girmi nasu nesa ba kusa ba, shi ne labarin fataken goro da suka riƙa ƙetare Kwara ta ƙasar Illo.

Hanyar Gwanja

Ƙasar Illo tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a kan iyaka da Jamhuriyar Binin, wadda kafin 1975 a ke kira Dahome. Kogin Kwara ya ratsa wannan yanki, kuma a cikinsa akwai garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Kaoje da Zagga. Kyangawa da Busawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa duk suna zaune a nan, shi ya sa ba wuya ka sami mutum ɗaya mai jin harshe uku.

Littafin tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne fataucin goro ya kai matuƙa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da shi. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya biyo ta Zamfara, ya sauka kasuwar Jega, sa'an nan ya nufi Kwara. Waɗansu su kan ƙetare ta Yawuri, waɗansu ta Gaya, waɗansu kuwa ta mashigin Giris, wanda shi ne bakin ruwan Illo. In an haye sai ƙasar Bargu, a bi ta Kandi ko Nikki zuwa Jugu, daga nan Sansanin Mango, sai Yandi, sai Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda a ke kawo goro daga kurmin Ashanti. Su kan kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, har da bayi, su komo da huhunan goro bisa jakuna. Tafiya da dawowa ta kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Baturen nan Kilafatan ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, da dabbobin kaya kamar haka.

Ayari da Zango

Taro irin wannan ba ya tafiya sai da tsari. Madugu shi ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke shirya da sarakunan hanya kan kuɗin fito da gaisuwa. Jagaba shi ke gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki shi ke tara kuɗin da za a biya. Akwai kuma malamin ayari, mai zaɓen sa'a da rubuta wasiƙa da riƙe lissafi.

Amma ilmin hanya kansa a zango ya ke zaune. Can ne ayari mai zuwa ya kan tarar da ayari mai dawowa, ko ya tarar da labarinsa a bakin fatoma, watau maigidan da ke saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali. A nan falke zai ji ko ruwa ya cika a mashigi, ko 'yan fashin Bargu sun tare wani daji, ko wani sarki ya ƙara kuɗin fito, ko nawa ƙwaryar goro ta ke a Salaga. Wannan labari ba ya kwana biyu bai sake ba. Abin da ke gaskiya da kaka ya kan zama ƙarya da bazara, don haka darajarsa duka tana ga yawan masu gyara shi. Mutum ɗaya, kome saninsa, ba ya iya riƙe shi.

Yadda Jama'ar Ta Watse

Ba wanda ya yi shela ya ce an rufe hanyar Gwanja. Sannu a hankali abin ya zo, cikin shekara wajen arba'in. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, sai Gwanja ta fita daga hannun Ashanti, su kuwa Ashanti suka janye goronsu daga Salaga, ciniki ya koma Kintamfo da waɗansu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, baƙin 'yan kasuwa suka watse. A 1894 Lugga da Faransawa suka yi tseren isa Nikki, kowa yana neman yarjejeniya da sarkin Bargu. Ran 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar, aka ja iyaka ta faɗa Kwara mil 10 sama da Giris, Illo ta zama ta Ingilishi, Nikki da Kandi suka zama na Faransa. Daga baya aka haɗa Illo da masarautar Gwandu. Falken da dā ya ke biyan sarakunan da kakansa ya saba da su, yanzu sai ya ratsa ƙasar Ingilishi, da ta Faransa, da Togo ta Jamus, sa'an nan ya sake shiga ta Ingilishi, ko'ina da tata doka.

Abin da ya ƙarasa ayarin kuwa shi ne sauƙi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ɗauko goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, a 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Bayan haka Yarabawa suka shiga noman irin goron nan a wajajen Agege da Shagamu, 'yan kasuwar Hausawa suka kafa unguwannin Sabo a can, kamar ta Badun wadda aka kafa a 1916. Mutanen ba su rasa sana'a ba, waɗansunsu ma sun ƙara arziki. Abin da ya mutu shi ne haɗuwar da a ke yi a zangunan Bargu, da labarin da a ke gyarawa a cikinta.

Abin da Ya Saura

Abu uku suka tsira, kowanne da dalilinsa. Na fari shi ne abin da aka rubuta. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu kuwa Kabi, ya yi fatauci tare da mahaifinsa, ya isa Salaga a 1892, daga baya ya zauna a Kete Karaci har rasuwarsa a 1934. Can ya rubuta wa wani Bajamushe, Adam Mischlich, labaran ƙasar Hausa da sana'o'inta da ajami. Da bai zauna ya rubuta ba, da yawancin abin da ya sani ya bi shi kabari. Daga irin waɗannan takardu, da hirar da aka yi da tsofaffin fatake, Paul Lovejoy ya tsara littafinsa kan fataucin goro a 1980.

Na biyu shi ne unguwanni. Inda zango ya sami mazauna, da masallaci da liman da sarki, bai watse ba. Har yau akwai unguwa mai suna Zongo a Kwatano da Faraku da Lome, a Gana kuwa kalmar ta zama sunan kowace unguwar baƙi Musulmi.

Na uku, wanda ya fi shafar ɗalibin harshe, shi ne kalmomi. Sana'ar ta tafi, amma kalmominta sun sami sabon aiki. Yau in an ce ayari, motocin gwamna a ke nufi. Madugu ya koma madugun 'yan adawa ko na 'yan tawaye a bakin masu karanta labarai. Zango ya shiga makaranta, ana cewa zangon karatu na ɗaya, baƙo kuma har yanzu ya kan ya da zango ko da a jirgin sama ya zo. Jagaba, wadda ginin ta a fili ya ke, watau ja da gaba, tana nan cikin sarautun Bargu, ita ce Sarkin Bargu Haliru Dantoro ya naɗa wa Bola Tinubu a 2006. Mai karatu zai lura cewa abin da ya tsira cikin kalmomin shi ne ma'anar shugabanci da ta mataki. Ma'anar da ta shafi aikin kansa, kamar yadda a ke ɗaure huhu don kada goro ya bushe, ko yadda a ke hayar da jakuna a jirgin fito, ita ce ke saurin ɓacewa, domin ba ta da wani gidan da za ta koma.

Misali na Biyu daga Zariya

Da ayari ya kau, labarin tafiya ya koma takarda. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, wasiƙun masu karatu suka zama wani sabon zango. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, aka buga a 1955. A zamanin Yaƙi da Jahilci Hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, kamar Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, da Zaruma ta Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Illo ke cikinsa a lokacin. A 1959 aka rufe hukumar saboda ba ta mai da kuɗinta. Littattafanta sun sami magaji, Kamfanin Gaskiya ya karɓe su, daga 1966 kuma kamfanin NNPC ya ci gaba da buga waɗansu. Jaridun larduna kuwa ba su daɗe ba suka kau, masu karatunsu suka rasa mahaɗa. A nan ma abin da ke da bango da suna shi ya tsira, abin da ke fitowa kullum yana sakewa shi ya salwanta.

Abin da Ya Rage Mana

Daga misalan nan biyu za a iya cewa ba a hana jama'ar matafiya watsewa in dalilin taruwarta ya kau, kuma ba laifi ba ne hukuma ko kamfani ya rufe abin da ba ya iya ɗauka. Abin da a ke bin mai rufewa bashi shi ne ya tattara abin da jama'ar ta tara, ya danƙa shi ga wanda zai adana, tun masu shi suna da rai.

Wannan kuwa ya shafi Bagudo yau. Direbobin da ke bin Tsamiya zuwa Segbana, da masu jiragen ruwa na Lolo da ke hulɗa da Malanbil, suna da tasu jama'ar da nasu kalmomin, kuma rufe iyakar da Gwamnatin Nijeriya ta yi a watan Agusta 2019 ya nuna yadda irin wannan mahaɗa ke iya tsayawa dare ɗaya. Waɗanda suka ga ayarin Gwanja da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura jikokinsu da suka ji daga bakinsu, su ma tsufa ya kama su. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman na Sakkwato da Birnin Kebbi da ke kusa, su tura ɗalibai Illo da Lolo da Kaoje, su ɗauki sunayen zanguna bi da bi, da kalmomin fito da na ɗaurin kaya, da Hausa da Dandanci da Busanci, a rubuta a ajiye inda kowa zai iya dubawa. Aiki ne na 'yan watanni, ba ya kuma bukatar kuɗi mai yawa, amma in an bari shekara goma ta wuce, da wuya a sami wanda za a tambaya. Allah ya ba mu ikon yi.