Janar Gannibal da garin da ake kira Lagon

A shekarar 1742 wani janar na sojan Rasha, baƙar fata, ya rubuta wa Sarauniya Elizabeth takarda yana neman a sa shi a sahun masu sarauta, a kuma ba shi tambarin gida mai hoton giwa. A ciki ya faɗi asalinsa a taƙaice: shi ɗan Afirka ne, an haife shi a garin Lagon, ƙasar mahaifinsa, wanda ke riƙe da wasu garuruwa biyu ban da wannan. Sunansa Abram Petrovich Gannibal, kuma shi ne kakan mahaifiyar Alexander Pushkin, babban marubucin Rasha.

A cikin sunayen nan babu na ubansa. An sace shi yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka, aka kai shi Santambul, inda ake kiransa Ibrahim. A 1704 aka wuce da shi Mosko, aka miƙa shi ga Sarki Peter. Da aka yi masa baftisma a Vilnius a 1705, sarkin ne ya tsaya a matsayin uba, daga nan Petrovich ya samo asali, wato ɗan Peter. Yaron ya yi karatun injiniyan soja a Faransa, ya sha gudun hijira a Sibiriya bayan rasuwar ubangidansa, daga baya ya riƙe birnin Reval, wato Tallinn ta yau. Sunan zuri'a kuwa da kansa ya zaɓa. Ya ɗauki na Hannibal, jarumin Kartaj da ya tsallaka duwatsu da giwaye ya girgiza Rum, Rashawa suka maida shi Gannibal yadda harshensu ya saba. Abin yana sosa mini rai: an raba yaro da sunan ubansa, ya girma ya duba littattafan Turawa, ya nemo ɗan Afirkan da suke shakka ya ce shi ne nasa.

Ya rasu a 1781. Pushkin, da aka haifa a 1799, bai riske shi ba, amma ya ƙi barin maganar ta kwanta. A 1825 ya je wurin wani tsoho daga cikin 'ya'yan janar ɗin, ya samo tarihin da surukin Gannibal ya rubuta da Jamusanci. A nan ne aka ba da labarin yayarsa da ta faɗa teku tana bin jirgin da ya ɗauke shi. A nan ne kuma aka ce shi ɗan Habasha ne.

Maganar Habasha ta zauna daram. A 1899 masani Dmitry Anuchin ya ƙara mata gindin zama, kuma dalilinsa bai ɓuya ba: ya kasa yarda cewa basirar Pushkin za ta fito daga tsakiyar ƙasar baƙar fata, gara a jingina ta ga Habashawa da yake gani sun fi kusa da farare. Aka yi kusan shekara ɗari ana laluben Lagon inda ba ta.

Sai a 1996 Dieudonné Gnammankou, masanin tarihi ɗan ƙasar Benin da ya yi karatu a Mosko, ya koma kan takardar 1742, ya ɗauki maganar mai ita da muhimmanci. Ya nuna Logone-Birni, birnin Kotoko da ke bakin kogin Logone, kudu da Kusiri a arewacin Kamaru, masarauta mai ganuwa da garuruwa a ƙarƙashinta. A wancan zamanin Bagirmi na kai wa yankin hari, bayin da aka kama kuma ana bi da su ta Fazzan zuwa Tarabulus, wadda ke hannun Turkawa. Masana da yawa sun karɓi hujjarsa.

A 2010 aka kafa allon tunawa da Gannibal a La Fère, garin Faransa da ya koyi aikin igwa. Wakilan Rasha da Istoniya sun halarta, jakadan Kamaru ya zo, haka ma Sarkin Logone-Birni.