Ba Shi Hanya Ya Wuce: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kan Umarnin Ƙungiya A Tseren Formula 1

Ranar 12 ga Mayu, 2002, a filin tseren motoci na Spielberg da ke ƙasar Ostiriya, Rubens Barrichello ɗan Birazil ya yi tuƙin da ba mai kushe shi. Shi ya tashi a kan gaba, kuma kusan dukkan tseren motarsa ce ke jan ragama. Abokin aikinsa a ƙungiyar Ferrari, Michael Schumacher na Jamus, yana biye da shi amma bai kamo shi ba. Sai da suka fito daga kwanar ƙarshe, layin kammalawa na gabansu, sannan Barrichello ya ɗage ƙafa daga totur, saboda umarnin da manyansa suka ba shi ta rediyo. Schumacher ya wuce shi da tazarar da ba ta kai rubu'in daƙiƙa ba.

'Yan kallo suka ɓarke da ihun Allah wadai. A dandamalin karɓar kofi kunya ta kama Schumacher, ya tura Barrichello kan matakin na ɗaya, ya miƙa masa kofin. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta ci tarar ƙungiyar da direbobin biyu dala miliyan 1. Tarar ta karya tsarin bikin ba da kofi ce kawai, domin a lokacin babu dokar da ta hana musayar matsayin.

Wanda bai saba da wannan gasa ba zai tambaya, me zai sa mutum ya sha wahalar tsere na awa ɗaya da rabi sannan ya miƙa wa wani nasara a hannu? Amsar tana cikin yadda aka gina gasar. Kowace ƙungiya motoci biyu take fitarwa, kuma kambu biyu ake nema a shekara: na direbobi, da na kamfanonin da ke ƙera motocin, wanda aka soma bayarwa a 1958. Makin motocin biyu ake haɗawa a lissafa wa ƙungiya, kuma kuɗin da ake rabawa a ƙarshen shekara matsayin ƙungiya yake bi. Bayan direban da ake gani a talabijin akwai ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai, a manyan ƙungiyoyi ma ma'aikatan sun haura dubu. Direba ma'aikaci ne da ya sa hannu a kwantiragi, motar da yake ciki ba tasa ba ce.

Duk da haka, a filin nan kaf babu wanda direba ke son kayarwa kamar abokin aikinsa. Idan motar wata ƙungiya ta wuce ka, kana iya cewa injinsu ya fi naka. Wanda kuke tuƙa mota iri ɗaya kuwa, idan ya bar ka a baya ba ka da abin fakewa. Da shi ake auna ka, kuma daga wannan awon ake yanke albashinka da makomar kwantiraginka. Zaman nasu ya yi kama da na kishiyoyi: gida ɗaya, tukunya ɗaya, kowa na lura da inda maigida ya karkata. Teburi ɗaya suke zama a duba bayanan da kwamfuta ta ɗauko daga motocin, har kowane ya san inda ɗan'uwansa ke taka birki a kowace kwana.

Galibin umarnin da ake bayarwa ba ya tayar da ƙura. A kan ce wa na baya ya riƙe matsayinsa kada ya kai hari, ko a kira ɗaya ya shigo sauya taya kafin ɗayan, ko a sa ɗaya ya tare wa abokan hamayya hanya har ɗan'uwansa ya yi nisa. Wanda ke ci wa mutane rai shi ne a ce wa na gaba ya kauce.

Ni dai ban ga laifi ba idan ƙungiya ta karkata ga wanda ke da damar ɗaukar kambu, matuƙar larura ce ta kawo haka. Abin da ya ɓata na Ostiriya shi ne babu larurar. Tsere na 6 ne cikin 17 na shekarar, kuma Schumacher ya riga ya ci 4 cikin 5 na farko. Tun watan Yuli ya kammala lashe kambun a Faransa, ana saura tsere 6. An raba mutum da nasarar guminsa don ƙarin maki 4 da ba a ko buƙace su ba.

A gwada wannan da abin da ya faru a 2007. McLaren tana da Lewis Hamilton da Fernando Alonso, dukkansu na neman kambu, zamansu ya yi tsami, suka yi ta cinye makin juna har tseren ƙarshe. A ɓangaren Ferrari kuwa, Felipe Massa ya riga ya fita daga lissafi. A tseren ƙarshen, a gaban mutanen ƙasarsa a birnin Sao Paulo, shi ke gaba, amma aka tsara lokacin shigowa shan mai yadda abokin aikinsa Kimi Raikkonen ya fito a gabansa. Raikkonen ya ɗauki kambun da maki 110, Hamilton da Alonso kowane yana da 109. Shekara na zagayowa Raikkonen ya rama alherin a ƙasar Sin, ya sassauta Massa ya wuce shi zuwa na biyu. Ba wanda ya yi ihu, domin kowa ya ga dalili, kuma abin bai tsaya a kan mutum ɗaya ba.

Abin lura, waɗannan biyun sun faru ne a lokacin da aka haramta umarnin ƙungiya. Bayan abin kunyar Ostiriya, FIA ta kafa doka daga 2003 cewa ba a yarda da duk umarnin da zai sauya sakamakon tsere ba. Dokar ba ta hana komai ba, sai dai ta koya wa ƙungiyoyi magana da zaurance. Asirin ya gama tonuwa a Hockenheim ta Jamus ranar 25 ga Yuli, 2010. Massa ne a gaba, Alonso wanda a lokacin ya koma Ferrari yana biye. Sai aka ji muryar injiniyan Massa, Rob Smedley, yana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka tilasta wa karatu: Fernando ya fi ka gudu, tabbatar mana ka fahimci saƙon. Jim kaɗan Massa ya fito daga wata kwana ya ƙi taka totur yadda ya kamata, Alonso ya wuce. Smedley ya yaba masa, sannan ya ba shi haƙuri, duniya na saurare. Ranar kuwa shekara guda ke nan cif da haɗarin da Massa ya yi a Hungari, inda wani ƙarfe ya ɓalle daga motar da ke gabansa ya bugi hular kwanonsa, ya kusa rasa ransa. Nasarar da za ta zama shaidar dawowarsa ce aka karɓe.

Ferrari ta ce ita ba ta ba da umarni ba, Massa ne ya yanke shawara da kansa. Aka ci ta tarar dala 100,000, aka bar sakamakon yadda yake. A watan Disamba FIA ta soke dokar baki ɗaya, kuma a ganina ta yi daidai. Gara a faɗa a fili, mai kallo ya ji, ya yi fushinsa idan ya ga dama, da a raina masa hankali.

Su ma direbobin akwai haƙƙin da ke wuyansu, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Jama'a kan jinjina wa wanda ya bijire wa umarni, a ce ga namijin duniya. Wani lokaci haka ne. Amma a duba Malesiya a 2013. Bayan sauya taya na ƙarshe, Mark Webber na ƙungiyar Red Bull ne a gaba, abokin aikinsa Sebastian Vettel na biye. Aka aika musu saƙon nan da ya yi suna, Multi 21, wato mota mai lamba 2 ta ci gaba da zama a gaban mai lamba 1. Webber ya rage ƙarfin injinsa yana lallaɓa tayoyi, tunda an ce tsere tsakaninsu ya ƙare. Vettel ya afka masa, suka yi kafaɗa da kafaɗa dab da katanga, ya ƙwace nasarar. Da farko ya nemi afuwa, daga baya ya ce da za a maimaita mai yiwuwa haka zai sake yi. Magoya bayansa na tuna cewa shi ma Webber ya taɓa yin kunnen uwar shegu da irin wannan umarni a Silverstone a 2011, kuma gaskiya ne. Sai dai kayar da mutumin da ya sauke makaminsa saboda ya yarda da kai ba bajinta ba ce. Wanda ba zai bi umarni ba, ya faɗa tun a ɗakin taro kafin a tashi motoci, kowa ya san a shirye zai fito.

Tsofaffin masu kallo ba sa manta Imola ta Italiya a 1982. Motocin Ferrari biyu ne a gaba, aka ɗaga musu allo cewa su rage gudu. Gilles Villeneuve, wanda ke gaba, ya ɗauka ma'anar ita ce kowa ya tsaya a matsayinsa, kamar yadda shi ya tsaya a bayan Jody Scheckter a Monza a 1979 har wancan ya zama zakara. Didier Pironi, mai ɗaya motar Ferrarin, ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Villeneuve ya ce ba zai ƙara yi masa magana ba. Kwana 13 bayan haka ya rasu a haɗari a Zolder ta Beljiyam, ba su shirya ba. Saƙon da aka bar shi a dunƙule, kowa ya fassara yadda ya so, shi ya haddasa wannan gaba, kuma alhakin dunƙule shi na ƙungiya ne.

Akwai kuma wanda ya bayar ba tare da an ce ya bayar ba. A Monza a 1956, lokacin da doka ta yarda direbobi biyu su yi karɓa-karɓa da mota ɗaya, motar Juan Manuel Fangio ta lalace. Peter Collins, matashin Ingila da shi ma yake da 'yar damar ɗaukar kambun, ya sauko ya miƙa masa tasa. Fangio ya zama zakara. Collins ya rasu a tsere a Jamus a 1958, bai taɓa ɗaukar kambun ba.

A 'yan shekarun nan McLaren ta gwada wata hanya, ta bar direbobinta biyu su fafata amma tana sa baki idan ta ga kuskurenta ne ya sauya matsayi. A Hungari a 2024 ta daɗe tana roƙon Lando Norris ta rediyo kafin ya mayar wa Oscar Piastri matsayin farko, wanda tsarin sauya taya ya raba shi da shi. A Monza a 2025 abin ya juya: aka yi jinkiri wajen ɗaura wa Norris taya, Piastri ya wuce, aka ce ya mayar. Ya nuna bai gamsu ba, amma ya bi. Maki 3 ne tsakanin na biyu da na uku, kuma da tazarar maki 2 Norris ya doke Max Verstappen ya ɗauki kambun shekarar. Ana iya jayayya kan ko jinkirin makanike ba ya cikin ƙaddarar tsere, ni ma ina da ja a kai. Amma an yi shi a fili, kuma kowane cikinsu ya taɓa bayarwa ya taɓa karɓa.

Duk waɗannan gardama ce kan adalci tsakanin mutum biyu. Abin da ya faru a Singafo ranar 28 ga Satumba, 2008, tseren dare na farko a tarihin gasar, ya wuce nan. Alonso na ƙungiyar Renault ya tashi a matsayi na 15, ya shigo shan mai da wuri ƙwarai. Ba a jima ba abokin aikinsa Nelson Piquet ƙarami ya daki katangar siminti, a wurin da ba a iya janye mota cikin sauri. Aka fito da motar tsaro, jerin motoci ya hargitse, Alonso ya ci tseren. Massa da ke gaba ya shigo shan mai cikin ruɗani, ya tashi da tiyon mai maƙale a motarsa, ya gama babu maki, kuma da maki 1 ya rasa kambun shekarar.

Sai a 2009, bayan Renault ta sallami Piquet, ya shaida wa FIA cewa manyansa ne suka sa shi yin haɗarin da gangan. Shekararsa ta farko ce a gasar lokacin da ya yi haɗarin, kuma bai san ko za a sabunta masa kwantiragi ba. Hukumar ta dakatar da shugaban ƙungiyar, Flavio Briatore, sai abin da hali ya yi, ta dakatar da babban injiniya Pat Symonds shekara 5, ta kuma ce ba ta samu shaidar cewa Alonso ya san da shirin ba. Briatore ya musanta zargin, kuma a farkon 2010 wata kotu a Faransa ta soke dakatarwar saboda yadda aka bi wajen yanke ta.

Wannan umarni ne da babu kwantiragin da zai wajabta wa ɗan'adam binsa. An yi caca da ran direban, da na waɗanda ke biye da shi cikin tarkace, da na ma'aikatan gefen hanya da 'yan kallo. Piquet yana da laifin amsawa, amma wanda ya yi amfani da tsoron yaro na rasa aiki ya fi shi laifi nesa ba kusa ba, kuma hukuncin da aka ƙare da shi bai kai girman abin da aka aikata ba. Briatore ya dawo harkar a 2024 a matsayin mai ba da shawara a Alpine, wato tsohuwar Renault. Piquet kuwa bai sake shiga tseren Formula 1 ba tun daga 2009.