Ɗan Damagaram a Kan Ruwa: Abin Sani Kafin a Kama Filafili

Tsakanin Damagaram da bakin teku akwai tafiyar da ta wuce kilomita 1,000, don haka wani zai ce me ya haɗa mu da zancen tuƙin jirgi. Abin da ya haɗa mu shi ne ci-rani. Samarinmu suna su a tafkin Gidimuni da na Lasuri, wasu sun gangara Difa, bakin Komadugu da tafkin Chadi, duk da rashin tsaron da ya addabi yankin tun 2015. Wasu kuma neman abinci ya kai su Kwatano, Lome da Legas, inda yaron da ya fara da dakon kifi a bakin gaɓa yake wayar gari an ce masa ya hau kwale-kwale ya taya jan taru. Yawancinsu abin da suka sani na ruwa bai wuce ninƙaya a kududdufin unguwa da damina ba.

Sanin hanya kam gadonmu ne. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu ayari kan tashi daga nan ya ratsa Sahara har Tarabulus, madugu da jagaba na bin tauraro da dutse da rijiya. Sai dai mai tafiyar tudu in ya rikice yana iya durƙusar da raƙumi ya jira gari ya waye, ya tashi a inda ya kwana. Mai jirgi ko ya kashe inji tafiya yake yi, iska na tura shi, ruwa na jansa. Nisa a teku da mil na ruwa ake auna shi, mita 1,852 ke nan. In ruwa na gudun mil 1 a sa'a, kai kuwa ka kafa ido kan kamfas ka yi sa'a 3 kana miƙewa, za ka tarar an kai ka gefe da fiye da kilomita 5 ba ka ji a jikinka ba. Shi ya sa tsofaffin matuƙa suke yawan waiwaye. Sukan zaɓi abu biyu a tudu, na kusa da na nesa, a ce hasumiyar masallaci da wata doguwar kwakwa, su jera su a layi ɗaya. Muddin suna jere, kana kan hanya. Da zarar sun fara rabuwa, ruwa ya soma sace ka. Dabarar tana aiki a Gidimuni kamar yadda take aiki a mashigin Legas. Tauraron arewa ma da muke gani sosai a nan, a Kwatano can ƙasa yake dab da ruwa, sau da yawa hazo ya rufe shi.

Babban abin da ke rikita baƙo a gaɓar teku shi ne cikowa da janyewa. Tafkinmu sau ɗaya yake cika a shekara, ya bi rani yana ja da baya. Teku kuwa sau biyu yake cikowa a kwana guda, tsakanin wata cikowa da wata kimanin sa'a 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da wajen minti 50. Wata ne ke jan ragamar abin, wanda ya saba lissafin kwanan wata ya riga ya sami rabin karatun: cikowa ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A gaɓar Benin da Legas bambancin bai cika wuce mita 1 zuwa 1 da rabi ba, amma ya isa ya bar jirgi zaune kan yashi, ko ya tsinke igiyar da aka ɗaure gajeriya. Wuri mafi haɗari shi ne bakin mashigi, inda ruwan da ke fita yake karo da taguwar da ke shigowa. Sabon shiga ba ya ratsa wurin nan shi kaɗai, ko da ya ga yaran masunta na yi suna dariya. Su a ciki aka haife su.

Akwai kuma wata jijiyar ruwa da ke fita daga gaɓa zuwa ciki da gudu, wadda ta ci mutane da dama a bakin tekun Kwatano da Lome, har da masu wanka kawai. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman tudu kai tsaye, gajiya ce za ta kashe ka. Yi iyo gefe, ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga cikinta, sannan ka nufo tudu.

Da dare jirage da fitila suke magana. Ja a hagun jirgi, kore a damansa, fari a sama da baya. Ka hango ja da kore tare, to kanka yake tahowa, kauce dama. A tashoshin Afirka, mai shigowa daga teku yana barin jar alama a hagunsa, koriya a damansa. Babban jirgi kuwa ba shi da birki, yana iya cin fiye da kilomita kafin ya tsaya, kuma matuƙinsa ba lalle ya ga kwale-kwale ba. Mai rediyon jirgi ya riƙe lamba 16, ita ce tashar neman agaji a duk duniya. Mai son abin ya zama sana'a ta takarda, akwai makarantar koyon aikin teku ta yanki a Abijan, da jami'ar aikin teku a Akara, da makarantar Oron a Najeriya.

Amma mu faɗi gaskiya, abin da ya fi kashe mutanenmu bai kai wannan zurfin ilimi ba. Lodi ne. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi, ƙalilan suka tsira. Ranar 30 ga Nuwamban shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ba teku ba ne, ba taguwa, ruwa ne irin namu. Mai fito ya ce "saura mutum ɗaya", fasinja ya ce "Allah ya kiyaye", sai bakin jirgi ya koma taƙi guda da ruwa. Addu'a gaskiya ce, amma ba ta rage nauyin buhun gero. Rigar kariya ta ruwa a jiki ake sa ta, a ɗaure, tun a tudu. Wadda aka cusa ƙarƙashin kaya ba ta ceci kowa ba. In jirgi ya kife yana yawo, a riƙe shi, ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa.

Hadarin damina daga gabas yake taso mana, iska na gaba, ruwa na baya, kuma iskar ce mai kifar da jirgi. Gabas ta yi baƙi, a nemi gaɓa, ko taru na cike. Da hunturu kuma hazo kan ɓatar da gaɓar gaba ɗaya. Mai inji ya kasa mansa uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya. A bar wa wani sallahu a tudu, ina aka nufa, yaushe za a dawo. Mai koyo ya nemi sarkin ruwan wurin ya gaishe shi, ya bi babba shekara guda yana kwarfar ruwa da riƙon igiya, don inda kututture yake a nutse da inda dorina ke kwana ba su cikin taswira.

Saura gargaɗi ɗaya ga 'yan ci-ranin Libiya. Akasarinsu aiki ya kai su, ba ƙetara teku ba, amma masu safara kan yi wa matashin da ba shi da kuɗi tayi: ka riƙe inji da kamfas, mu kai ka kyauta. Horon ba ya wuce nuni na ɗan lokaci a bakin ruwa da dare. Jirgin na roba ne, cike da mutane, tsibirin Lamfedusa kuwa na nesa da wajen kilomita 300. A 2016 kaɗai hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga mutum fiye da 5,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum. Wanda ya riƙe injin, in ma Allah ya kai shi, shi 'yan sandan Italiya ke fara nema, kuma a matsayin mai safarar mutane ake gurfanar da shi gaban alƙali.