Gawarwakin Fir'aunoni a Akwatin Gilashi: Ilimi da Haƙƙin Mamaci

A daren 3 ga Afrilun 2021 aka rufe manyan titunan Alƙahira domin wani jerin gwano da ba a saba ganin irinsa ba. Gawarwaki 22 na masu mulkin tsohuwar Masar, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka ɗauke daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gidan da aka gina a Fustat. Kowace gawa da motarta, ga dawakai, ga sojoji, aka kuma harba bindiga sau 21 don girmamawa. A cikinsu akwai Ramsis na Biyu, wanda ya yi kimanin shekara 66 a kan mulki, da sarauniya Hatshepsut. Mutanen da suka rasu fiye da shekara 3,000 ke nan, amma har yanzu ana iya ganin fuskokinsu, da gashinsu, da farcensu.

Mutanen Masar na dā sun yi imani cewa rai zai nemi jikinsa a lahira, don haka suka ƙware wajen hana jiki ruɓewa. Sukan cire kayan ciki su adana a tuluna, su bar zuciya a wurinta, sannan su lulluɓe gawar da kanwa na kusan kwana 40 har ta tsotse ruwan jiki kaf. Daga nan a shafe ta da mai da ƙaro, a naɗe da lilin. Aikin gaba ɗaya yakan ɗauki kwana 70. Busasshiyar iskar hamada kuma ta ƙarasa sauran. Ko da ɓarayi suka addabi kaburbura, sai malaman addininsu suka tattara gawarwakin sarakuna suka ɓoye a wani rami a Deir el-Bahari, inda hukuma ta kwaso su a 1881.

Fitowar nan ce mafarin matsala. Abin da kabari ya kare shekara dubbai, danshi da haske da numfashin 'yan kallo na iya cinye shi cikin 'yan shekaru. A 1976 aka ga gawar Ramsis na Biyu tana lalacewa, fumfuna ta kama ta, sai aka kai ta Paris. An tarbe ta a filin jirgi da faretin soja, masana suka kashe ƙwayoyin da hasken gamma, aka mayar da ita gida a shekarar da ta biyo baya. A yau dabarar ita ce a hana ƙwayoyin cuta abin da suke rayuwa da shi. Ana sa gawa a akwatin da iska ba ta shiga, a fitar da oksijin a maye gurbinsa da naitirojin, a daidaita zafi da danshi, a rage hasken fitila. Kowace gawa kuma da irin nata magani. Mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ake kira Ötzi, yana birnin Bolzano na Italiya cikin ɗaki mai sanyin digiri 6 ƙasa da sifili da danshi mai yawa, domin shi bushewa ce za ta ɓata shi. Ta wata 'yar taga kawai ake leƙensa.

Bincike ma ya sauya. A ƙarni na 19 a Ingila, likita Thomas Pettigrew yakan tara jama'a, su biya kuɗi su kalli yadda yake warware likkafanin gawar Masar. An daɗe a Turai ana niƙa irin waɗannan gawarwaki a sayar a matsayin magani, har fenti aka yi da su. Yanzu ba sai an taɓa zare ɗaya ba. Dakta Sahar Saleem ta Jami'ar Alƙahira da masani Zahi Hawass sun sa gawar sarki Amenhotep na Ɗaya a na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, suka gano ya rasu yana kusan shekara 35, haƙoransa lafiya lau, an yi masa kaciya, duk ba tare da an buɗe suturarsa ba.

Sai dai ga wanda ya tashi a al'ummar da ke gaggauta yi wa mamaci wanka da sutura a kai shi makwancinsa, dole tambaya ta taso: wa ya ba mu izinin kallon? Masarawa kansu sun yi wannan muhawara. Shugaba Anwar Sadat ya sa an rufe ɗakin gawarwakin sarakuna a 1980 saboda yana ganin baje su cin mutunci ne, kuma ba a sake buɗe shi ba sai a 1994. Sabon ɗakin na Fustat yana ƙarƙashin ƙasa, da ɗan haske kaɗan, an hana ɗaukar hoto, an kuma rufe jikunan da lilin. Sarki Tutankhamun kuwa an bar shi a kabarinsa a Kwarin Sarakuna.

Inda lamarin ya fi ciwo shi ne gawarwakin da aka kwashe da ƙarfi zamanin mulkin mallaka. Sarah Baartman, 'yar ƙabilar Khoikhoi ta Afirka ta Kudu, an yi ta baje kolinta a Turai tana raye. Da ta rasu a Paris a 1815, aka ci gaba da nuna ƙasusuwanta a gidan tarihi har cikin shekarun 1970. Sai a 2002 aka mayar da ita aka binne. Jamus ta mayar wa Namibiya da ƙoƙunan kai 20 na 'yan ƙabilun Herero da Nama a 2011, Faransa ta mayar wa Aljeriya da 24 a 2020. Waɗannan suna da danginsu har yanzu, kuma babu wani uzurin ilimi da zai halatta riƙe su.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, masu bincike sun gano kaburbura kusan 200 na mutanen da suka zauna bakin wani tafki tun Sahara tana kore, har da wata mata da yara biyu da aka binne rungume da juna. Irin wannan gado yana koya mana tarihin da ba a rubuta ba, kuma ya cancanci a nazarce shi. Amma sharaɗin a fili yake: a nemi yardar mutanen wurin, a adana da kayan aikin da suka dace, a suturta abin da za a nuna, a mayar da abin da aka ƙwata. Duk gidan tarihin da ba zai iya cika waɗannan ba, ya bar mamaci a kabarinsa.