Kuloci Ya Maƙale? A Fara Da Mai Arha

Direbobin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Issa sun san wannan ciwo: ka taka kuloci ya kwanta ƙasa, sai ka sa yatsan ƙafa ka ɗago shi. Kafin a sauke akwatin giya, a leƙa ƴar robar man kuloci. In ya ragu, akwai yoyo, iska ta shiga bututu. A motar da kulocinta ke aiki da waya kuwa, ƙurar hunturu kan cakuɗe da giris ta riƙe wayar. Wani zai ce ai mota tana tafiya, mene ne na gaggawa? Kulocin da bai komo daidai ba sulɓi yake yi, farantinsa na ƙonewa a hankali, kuma canza shi ya ninka kuɗin waya sau da yawa. Direba, ka ga bakanike kafin ka yi lodi.