Ɗakin Baƙo a Gonar Inabi: Yadda Manoman Toskana ke Rayar da Ƙauyukansu

A kan tuddan Chianti da ke tsakanin biranen Florence da Siena na lardin Toskana a ƙasar Italiya, akwai tsofaffin gidajen dutse a tsakiyar gonakin inabi da zaitun, waɗanda a yanzu suka zama masaukin baƙi. Italiyawa na kiran wannan tsari "agriturismo", wato yawon buɗe ido a gona, kuma yawan irin waɗannan masaukai ya haura 25,000 a duk faɗin ƙasar, inda Toskana ke kan gaba.

Asalin al'amarin kuwa talauci ne. Tsawon ƙarnoni, talakawan yankin sun kasance suna noma gonakin attajirai ne bisa yarjejeniyar raba amfanin gona biyu. Bayan yaƙin duniya na biyu, sai matasa suka yi ta kwarara zuwa masana'antun birane, a shekara ta 1964 kuma aka haramta ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidaje da dama suka zama kufai. Domin ceto su ne majalisar dokokin Italiya ta zartar da doka a shekara ta 1985, wadda ta ba manomi izinin saukar da baƙi a gonarsa, aka kuma sabunta ta a 2006. Sharaɗin shi ne noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan, a yi amfani da gine-ginen da ke nan tun can, sannan akasarin abincin da za a ba baƙo ya fito daga gonar ko maƙwabtanta.

Baƙon da ya sauka a gonar da ba ta amfani da takin zamani ko maganin kashe ciyawa, abin da zai fara lura da shi shi ne ciyayi da furanni a tsakanin layukan inabi. Manoman ne da kansu ke shuka dangin wake a wurin, daga baya su nome shi cikin ƙasa ya zama taki, ya kuma hana ruwan sama zaizaye gangaren tudu. Katangun ɗakunan masu kauri na riƙe sanyi a lokacin zafi, wasu gidajen kuma na samun lantarki daga hasken rana, suna tara ruwan sama domin ban-ruwa. Wanda ya zo a watan Satumba zai tarar ana tsinkar inabi, a Nuwamba kuwa ana matse man zaitun. Ko da yake akasarin inabin giya ake yi da shi, wanda ba ya sha na da man zaitun, zuma, cuku da kayan lambu, sai dai ya kamata ya riƙa tambaya game da nama, domin naman alade ya yi yawa a girkin yankin.

To, amma irin wannan noma na tattare da kasada. Bisa ƙa'idojin Tarayyar Turai, sai manomin inabi ya yi shekaru uku yana bin tsarin kafin a ba shi takardar shaida. Manyan makamansa na yaƙi da cututtukan ganye su ne farar wuta da ruwan tagulla, ita tagullar ma an ƙayyade ta tun daga 2019 zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekaru bakwai, saboda tana taruwa a cikin ƙasa. Da zarar an yi ruwa kuwa sai ya wanke feshin, a sake sabon lale.

An ga illar haka a shekara ta 2023, lokacin da ruwan sama mai yawa a watannin Mayu da Yuni ya haddasa cutar fumfuna a gonaki. Giyar da Italiya ta samar a shekarar ta ragu da fiye da kashi 20 cikin 100, har Faransa ta sha gabanta, kuma masu noma ba tare da magungunan kamfani ba na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A irin wannan shekara, kuɗin ɗakin baƙo ne ke biyan leburori ya kuma riƙe gona har wata kakar.

Sai dai masu suka na nuni da cewa wasu wuraren otal ne kawai na alfarma da aka yi wa ado da 'yan layukan inabi, ga kuma tafkunan ninƙaya masu cin ruwa a ƙasar da ta sha fama da mummunan fari a 2022. Don haka mai son sanin gaskiyar wuri sai ya nemi ganin takardar shaidar gonar, ya tambayi inda ruwanta ke fitowa, ya kuma duba ko mai masaukin nasa na fita gona da sassafe.