Inbata da Mas'alar Rage Gudun Moto

Tun da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, cikin watan Afrilun 2024, maganar inbata ta shiga bakin jama'a, har ya zamana mai cinikin firiji ko na'urar sanyaya ɗaki ba ya taya kaya sai ya ji ko mai inbata ce. Wannan ba aibi ba ne. Abin da ya dame ni wata fatawa ce da ta biyo baya, wadda wasu masu gyaran wuta ke bayarwa ba da hujja ba, wai inbata ba kome ba ce illa regiletar fanka da aka yi wa ado aka tsauwala wa kuɗi, saboda haka wanda ke so famfonsa ko injin niƙansa ya rage shan wuta, sai kawai a rage ƙarfin wutar da ke shigarsa, moto ya sassauta, kuɗi su ragu.

Irin moton da ke juya yawancin famfunanmu da injunanmu, wanda Nikola Tesla ya sami shaidar mallakar fasaharsa a Amurka cikin 1888, an gina shi ne bisa ƙa'ida guda. Wutar da ke zuwa gidajenmu kai-komo take yi cikin waya sau 50 a kowane sakan, kuma wannan kai-komo shi ke haddasa maganaɗisu mai kewayawa a cikin koyil, sa'an nan ƙarfen da ke tsakiya ya yi ta binsa, ba ya cim masa, ba ya kuma barinsa. Idan koyil ɗin mai kusurwar maganaɗisu huɗu ne, maganaɗisun zai zaga sau 1,500 a minti, moton ya biyo shi da wajen 1,440. Idan mai biyu ne, sau 3,000. A Amurka, inda kai-komon ya kai 60, moton nan mai huɗu sai ya doshi 1,800. Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ga ƙarfin wuta bai shigo cikinsa ba ko kaɗan.

A ɗauki misalin gayya. Manoma sun jeru a kunya, makaɗi na buga gangar noma, kowace fartanya na sauka bisa kiɗa. In mai gona ya ga aikin ya yi sauri, ya ce bari ya rage musu fura don su sassauta, alhali makaɗi bai sāke hannu ba, to, ba za su sassauta ba face ɗan kaɗan, domin kiɗa na jan su. Za su dai ci gaba da noma da yunwa, gumi na zuba, har wani ya faɗi. Haka moto yake idan aka rage masa ƙarfin wuta ga kaya a kansa: gudunsa ba ya raguwa sosai, sai ya ƙara zuƙar wuta don ya cike giɓi, wayar tagulla ta ɗau zafi, rufinta ya ƙone, a kwashe shi zuwa wajen masu naɗin koyil. Ai mun sha ganin haka a unguwanninmu duk daren da aka kawo wuta mai rauni. Fankar sili kuwa, da ake kafa hujja da ita, ƙaramin moto gare ta wanda aka ƙera don ya jure hakan, iska ce kawai kayanta, ba a yin kiyasin injin niƙa da ita.

Ita inbata, makaɗin take sawa ya sāke hannu. Da farko takan miƙar da wutar nan mai kai-komo ta zama mai tafiya fuska ɗaya, ta tara ta cikin kafasito, daga nan waɗansu makunnai na lantarki, masu buɗewa da rufewa sau dubbai a sakan, su sāke ƙera kai-komon bisa adadin da ake bukata, 40 ne ko 30, suna kuma rage ƙarfin wutar daidai gwargwado, yadda maganaɗisun ba zai yi rauni ba, ba zai kuma wuce kima ba. Kamfanin Toshiba na Japan ya sa wannan hikima cikin na'urar sanyaya ɗaki ta gida tun 1981.

Fa'idarta ta fi bayyana ga famfon ruwa da manyan fankoki, domin in aka mai da gudunsu kashi 80 cikin ɗari, wutar da suke bukata takan sauka zuwa wajen rabi. Ban da haka, moton da aka kunna kai-tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, abin da ke durƙusar da ƙaramin janareto, amma inbata takan tashe shi sannu a hankali. Da inbata ne ma famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana ke fara turo ruwa tun hantsi, suna ƙara gudu yadda rana ke ɗagawa. Sai dai gaskiya wajibi ce a faɗe ta: injin niƙa ba ya samun rangwamen da famfo ke samu, moton da aka sassauta ƙwarai fankar jikinsa ba ta isa ta sanyaya shi, moton gida mai kafasito ba ya dacewa da inbatar masana'anta, ita kanta inbatar kuma ba ta shiri da ƙurar hunturu da zafin bazara in ba a kula da mazauninta ba.

Hukumomin da suka iya sanar da ƙarin kuɗi a rana ɗaya, da sun ɗauki ko da rubu'in wannan himma sun yi wa jama'a irin wannan bayani da Hausa a gidajen rediyo, da asarar ta ragu. Kafin su yi, ya kai mai famfo, duk wanda ya zo zai rage maka gudun moto, ka tambaye shi ko kai-komon wutar zai sāke ko ƙarfinta kawai zai rage. In ya ce ƙarfinta, kada ka bari ya taɓa maka inji.